Tarihin Neman Sani a Kan Cutar Taruwar Ƙarfe ta Gado

Cutar taruwar ƙarfe ta gado, wadda likitoci ke kira himokuromatosis, cuta ce da ke sa hanji ya riƙa tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci fiye da buƙatar jiki. Ƙarfen yakan yi ta taruwa shekara da shekaru, har ya lalata hanta, zuciya, gaɓoɓi da gaɓar da ke samar da insulin. Ta fi yawa a cikin mutanen da asalinsu ya fito daga arewacin Turai, da zuriyarsu da suka bazu a Amurka, Kanada, Ostiraliya da Afirka ta Kudu. Maganinta mai sauƙi ne kuma mai araha, wato ɗibar jini lokaci-lokaci. Wanda aka gano tasa da wuri yakan yi tsawon rai kamar kowa, wanda kuwa aka makara a kansa yakan gamu da lahanin da ba ya gyaruwa. Don haka babban abin da ke raba mai tsira da mai halaka shi ne lokacin da labari ya iske shi. Cikin shekaru kusan 160, wurin da ake samun wannan labari ya yi ta sauyawa: daga ɗakin binciken gawa zuwa littattafan likitoci, daga nan zuwa ƙungiyoyin majinyata, sannan ɗakunan gwajin ƙwayoyin halitta da intanet.

Yadda cutar take

Jikin baligi yana ɗauke da ƙarfe kimanin giram 3 zuwa 4, mafi yawansa a cikin jajayen ƙwayoyin jini. A kullum hanji yana tsotsar miligiram 1 zuwa 2, daidai da abin da ke zubewa ta fata da hanji. Jiki ba shi da wata ƙofa ta fitar da rarar ƙarfe, saboda haka duk tsaron yana wajen shiga ne. Hanta ce ke riƙe da wannan tsaro ta hanyar wani sinadari mai suna hebsidin, wanda ke umartar hanji ya rage tsotsa idan ma'ajiya ta cika. A jikin mai cutar, hebsidin ba ya isa, hanji kuma ba ya tsayawa. Kafin mutum ya kai shekara 50, abin da ya taru yana iya kai giram 20 ko fiye.

Gadonta irin na sikila ne: sai mutum ya karɓi ƙwayar halittar cutar daga uwa da uba duka biyun kafin ta zama barazana. Idan iyaye biyu kowanne na ɗauke da ƙwaya ɗaya, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haɗa biyun. Alamun farko ba su da wani tambari: kasala, ciwon gaɓoɓi musamman a gindin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, ciwon ciki, da raguwar sha'awa. Maza kan fara gani tsakanin shekara 40 zuwa 60. Mata kan jinkirta, domin al'ada da haihuwa suna rage musu ƙarfe har zuwa lokacin da al'ada ta ɗauke. Ƙwayar ta daɗe a duniya: masu binciken tsoffin ƙasusuwa sun same ta a jikin wani mutum da aka binne a tsibirin Rathlin da ke arewacin Ailan kimanin shekara 4,000 da suka wuce. A yau Ailan ce kan gaba, inda aka ƙiyasta mutum 1 cikin 83 yana ɗauke da ƙwayoyin biyu.

Zamanin ɗakin gawa

A shekarar 1865 wani likitan Faransa, Armand Trousseau, na asibitin Hôtel-Dieu da ke Faris, ya bayyana wani mai ciwon suga da fatarsa ta rine ta koma launin tagulla, wanda bayan rasuwarsa aka tarar hantarsa ta ƙeƙashe. Charles Troisier ya kawo irin wannan bayani a 1871, sannan Hanot da Chauffard a 1882, kuma daga nan likitocin Faransa suka riƙa kiran cutar ciwon suga mai launin tagulla. A 1867 Max Perls ya fito da wani rini da ke mayar da ƙarfen da ke cikin tsoka shuɗi, abin da ya ba masu bincike damar ganin ƙarfen da idonsu a ƙarƙashin madubin likita. A 1889 Bajamushe Friedrich von Recklinghausen ya raɗa wa cutar sunan da ake amfani da shi har yau, bisa zaton cewa launin daga jini yake fitowa.

A duk wannan zamani majinyaci ba shi da wurin tambaya. Sanin cutar yana hannun ƙalilan daga cikin malaman jami'a, a cikin mujallun Faransanci da Jamusanci, kuma galibi sai an buɗe gawa ake tabbatar da ita. Iyalin mamaci sukan koma gida da labarin cewa ciwon suga ne ko ciwon hanta, sau da yawa tare da zargin shan giya. Babu wanda ya ce musu 'yan'uwan mamacin suna cikin haɗari, domin likitocin kansu ba su san haka ba.

Sauyi na farko ya zo a 1935, lokacin da Joseph Sheldon, likita a garin Wolverhampton na Ingila, ya wallafa littafi guda a kan cutar bayan ya tattara bayanan majinyata 311 daga rubuce-rubucen duniya. Ya ƙi yarda cewa giya ko guba ce sanadi, ya ce mutum da ita ake haifarsa, kuma mai yiwuwa tana bin dangi. Littafin ya zama madogarar likitoci na tsawon shekaru, amma don likitoci aka rubuta shi, kuma ya kafa hoton cutar a matsayin abu mai wuyar samu da ke kama maza masu ciwon suga da rinanniyar fata. Wannan hoto ya daɗe a kan ɗaliban likitanci, har ya sa likitoci da dama ba sa tunanin cutar sai alamun ƙarshe sun bayyana.

An sami magani, ana gardamar asali

A 1950 likitoci biyu na Amurka, Davis da Arrowsmith, suka ba da rahoton cewa yawan ɗibar jini yana rage ƙarfen da ya taru. Hikimar a fili take: kowace jaka ta kimanin rabin lita tana fita da ƙarfe miligiram 200 zuwa 250, jiki kuma sai ya ɗebo daga ma'ajiya don ƙera sabon jini. Mai giram 20 a jiki yana buƙatar a ɗebi jininsa mako-mako na shekara ɗaya zuwa biyu, sannan a koma sau kaɗan a shekara har ƙarshen rayuwa. Daga nan sanin cutar ya zama abin da ke ceton rai.

Hanyoyin ganowa su ma sun inganta. A 1958 Menghini ya sauƙaƙa hanyar tsakuro ɗan yankin hanta da allura. A 1964 Ralph Schumacher ya nuna cewa ciwon gaɓoɓi na cikin alamun cutar. A 1972 masu bincike a Cardiff suka fito da gwajin feritin, wanda ke nuna yawan ƙarfen da ke ajiye daga ɗigon jini kawai. Duk da haka gardama ba ta kwanta ba. A shekarun 1960 Richard MacDonald na Boston ya dage cewa giya da abinci ne tushen cutar, ba gado ba. Muddin malamai ba su daidaita ba, babu likitan da zai aika a kira dangin majinyaci, don haka majinyacin wancan lokaci ya dogara kacokan ga abin da ƙwararren likitan hanta ya gaya masa a ɗakin duba marasa lafiya.

An warware gardamar ne a birnin Rennes da ke lardin Brittany na Faransa, inda cutar ke da yawa. A 1975 Marcel Simon da abokan aikinsa suka gano cewa mafi yawan majinyatansu suna da wata alamar jini mai suna HLA-A3, abin da ya nuna ƙwayar cutar tana kan kuromosom na 6. A 1977 suka tabbatar da cewa sai an gado ta ɓangare biyu. Tun daga lokacin, ana iya gwada 'yan'uwan majinyaci na ciki ɗaya a ga wanda alamominsa suka yi daidai da nasa, tun kafin ciwo ya taɓa shi. Dangi suka shigo cikin lamarin, majinyaci kuma ya zama ɗan aike. A jihar Utah ta Amurka, inda iyalai ke da yawa kuma suke adana tarihin nasaba, an bi manyan zuriyoyi gida-gida. Wani bincike da aka buga a can a 1988, kan masu ba da gudummawar jini 11,065, ya nuna cewa kusan mutum 5 cikin 1,000 suna da cutar. A 1985 kuma Claus Niederau da abokansa a Düsseldorf sun riga sun nuna cewa wanda aka fara yi wa magani kafin hanta ta ƙeƙashe yakan rayu kamar sauran mutane. Waɗannan binciken biyu suka rushe tsohon hoton Sheldon: cutar tana da yawa, kuma jinkiri ne ke kisa.

Majinyata sun ɗauki aikin da kansu

Abin da aka sani a Rennes da Utah bai isa ɗakin likitan unguwa da wuri ba, sai waɗanda abin ya shafa suka cike giɓin. Fitacciya a cikinsu ita ce Marie Warder, 'yar jarida haifaffiyar Afirka ta Kudu. Mijinta Tom ya yi shekaru yana fama da ciwo kafin a gano cutarsa a Johannesburg a 1975, lokacin da ta riga ta yi masa lahani. Bayan sun koma Kanada aka gano 'yarsu ma tana da ita, abin da ya tabbatar wa Marie cewa cutar na bin jini kuma ba ta bar mata ba. A 1980 ta fara aikin da ya haifar da Ƙungiyar Himokuromatosis ta Kanada, daga cikin gidanta, tana rubuta wasiƙu ga likitoci, jaridu da hukumomi. A ƙarshen shekarun 1980 ta wallafa littafin The Bronze Killer, wanda ya ba da labarin iyalinta cikin harshen da kowa zai gane, kuma mutane da yawa ta hanyarsa suka fara zuwa neman gwaji.

A farkon shekarun 1980 Roberta Crawford ta kafa irin wannan ƙungiya a jihar Florida. A Birtaniya Janet Fernau ta kafa tata a 1990, a Ostiraliya kuma Margaret Rankin ta yi haka a jihar Queensland a farkon shekarun 1990. Ailan da Faransa su ma sun bi sahu. Kayan aikinsu ba su da yawa: lambar wayar gida da mai neman bayani zai kira, ƙaramar mujalla da ake aikawa ta gidan waya, ƙasidu da ake ajiyewa a asibitoci, da taron shekara da ake gayyato ƙwararren likita ya amsa tambayoyi. Abin da suka fi likitoci shi ne lokaci da ɗanɗana. Wanda ya sha ɗibar jini sau ɗari ya san amsar tambayoyin da ba a rubuta a littafi ba: yadda za a yi da jijiyar da ta gaji da allura, yadda za a nemi izini a wurin aiki kowane mako, da yadda za a gaya wa ɗan'uwan da ba a ga maciji da shi.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 1999, kan majinyata 2,851 da aka samu da taimakon irin waɗannan ƙungiyoyi, ya nuna girman matsalar. Waɗanda suka yi fama da alamu sun yi kimanin shekara 10 kafin a gano cutarsu, kuma kusan ɗaya cikin biyar na majinyatan ta dalilin wani ɗan'uwa aka gano su. Mai yawan kukan kasala a wancan lokaci yana iya komawa gida da maganin ƙarin jini, wanda ƙarfe ne zalla, ya ƙara wa kansa abin da ke cutar da shi.

Gano ƙwayar a 1996

A watan Agustan 1996 John Feder da abokan aikinsa na kamfanin Mercator Genetics da ke California suka sanar da gano ƙwayar halittar, wadda daga baya aka sa wa suna HFE. Daga cikin majinyata 178 da suka gwada, kashi 83 cikin 100 suna ɗauke da sauyi guda mai suna C282Y ta ɓangaren uwa da uba. Sun kuma gano sauyi na biyu, H63D, wanda ya fi yawa a cikin jama'a amma lahaninsa kaɗan ne. A 2000 da 2001 aka gano hebsidin, da gudummawar ɗakunan bincike a Jamus, Los Angeles, Rennes da Faris, daga baya kuma aka fahimci yadda lalacewar HFE ke buɗe ƙofar hanji.

Gwajin jini mai sauƙi ya maye gurbin tsakuro hanta ga mafi yawan mutane. Amma ya zo da sabbin tambayoyi da majinyata ba su taɓa yi ba. Takardar sakamako takan zo da haruffa da lambobi, mutum ya rasa ko shi mai cuta ne ko mai ɗauke da ƙwaya kawai. Ana buƙatar mai fassara. Sana'ar ba da shawara kan cututtukan gado ta riga ta kafu, domin Sheldon Reed ya raɗa mata suna tun 1947, kwalejin Sarah Lawrence da ke New York kuma ta buɗe kwas na farko a 1969. Sai dai masu wannan sana'a ba su da yawa, masu ɗauke da ƙwayar kuwa miliyoyi ne, don haka nauyin fassarar ya faɗa kan likitocin iyali, waɗanda yawancinsu sun gama karatu kafin a gano ƙwayar.

Akwai kuma batun kuɗi da tsoro. An yi wa ƙwayar rajistar haƙƙin mallaka, haƙƙin ya yi ta sauya hannu tsakanin kamfanoni, har wani rahoto na 2002 ya nuna cewa wasu ɗakunan gwaji a Amurka sun daina yin gwajin ko sun fasa farawa. Sai a 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa ba a mallakar ƙwayar halitta kamar yadda take a jikin mutum. Mutane kuma sun ji tsoron kada sakamakon ya hana su inshora ko aiki. Amurka ta yi doka a 2008 da ta hana nuna bambanci a inshorar lafiya da ɗaukar aiki, amma ba ta haɗa da inshorar rai ba. Kanada ta yi tata a 2017. Tambayar inshora ta kasance cikin waɗanda ake yawan kai wa ƙungiyoyin majinyata, domin mutum yakan so ya ji amsa kafin sunansa ya shiga fayil ɗin asibiti.

Gardama kan ma'anar sakamako

Da farko an ɗauka duk mai ƙwayoyin C282Y biyu zai kamu da ciwo. A 2002 Ernest Beutler ya gwada mutane fiye da 41,000 a San Diego, ya ce ƙasa da kashi 1 cikin 100 na masu ƙwayoyin biyu ne ke kaiwa ga cikakkiyar cuta. Wannan ya girgiza masu kiran a gwada kowa da kowa. A 2005 wani babban bincike a Amurka da Kanada, kan mutane kusan 100,000, ya nuna cewa kimanin Turawa 4 cikin 1,000 ne ke da ƙwayoyin biyu, amma a cikin baƙaƙe da 'yan Asiya abin ya yi ƙaranci ƙwarai. A 2006 kwamitin ba da shawara kan rigakafi na Amurka ya ƙi goyon bayan gwajin gama-gari. A 2008 masu bincike a Melbourne, bayan bin mutane fiye da 31,000 na tsawon shekaru, suka samu cewa kashi 28 cikin 100 na maza masu ƙwayoyin biyu sun kamu da ciwon da ƙarfe ya jawo, mata kuwa kusan kashi 1. A 2019 masu bincike na Jami'ar Exeter suka duba bayanan mutane kusan 450,000 a Birtaniya, suka tarar mutum 1 cikin 156 yana da ƙwayoyin biyu, kuma ciwon hanta da na gaɓoɓi ya fi yawa a cikinsu fiye da yadda aka zata, musamman da tsufa.

Ga majinyaci, wannan saɓani yana nufin amsar da zai samu ta danganta da wanda ya tambaya da kuma shekarar da ya yi tambayar. Abin da aka daidaita a kai shi ne gwajin ƙwayar halitta yana nuna haɗari, gwajin ƙarfe kuma yana nuna halin da ake ciki. Likita yakan duba cikar tiransferin, sinadarin da ke jigilar ƙarfe a jini, wadda idan ta wuce kashi 45 cikin 100 ake sa ido, da kuma feritin, wanda idan ya haura 1,000 ake fargabar hanta ta taɓu.

Zuwan intanet

Gano ƙwayar ya zo daidai da yaɗuwar intanet a gidajen Turai da Amurka. Kundin cututtukan gado da Victor McKusick na Jami'ar Johns Hopkins ya fara wallafawa a 1966 ya koma kan kwamfuta da sunan OMIM tun 1987. Faransa ta buɗe Orphanet a 1997, babban ɗakin karatun likitanci na Amurka ya buɗe MedlinePlus a 1998 domin talakawa, a 2003 kuma ya ƙara sashe na musamman kan cututtukan gado. Abin da a da sai mai katin ɗakin karatun jami'a ke gani ya zama a hannun kowa. Ƙungiyoyi suka buɗe shafukansu, majinyata kuma suka haɗu a zaurukan Facebook suna kwatanta lambobin feritin. A 2004 ƙungiyoyin Turai suka haɗu a inuwa ɗaya, daga baya aka kafa ta duniya, aka kuma ware makon farko na watan Yuni domin wayar da kai. A 2018 ƙungiyar ta duniya, tare da ƙwararrun likitoci, ta fitar da taƙaitacciyar shawara kan magani da aka rubuta yadda majinyaci zai iya karantawa ya kai wa likitansa.

A watan Afrilun 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba kamfanin 23andMe izinin sayar wa jama'a kai tsaye rahoton haɗarin cututtuka 10, har da wannan. Mutum yakan tofa yawu a ɗan bututu, ya aika ta gidan waya, sakamako ya iske shi a waya ba tare da likita a kusa ba. Wasu ta haka suka tsira. Wasu kuma masu ƙwaya ɗaya ko masu H63D sun shiga firgicin da ba shi da dalili. Intanet ta kuma yaɗa kurakurai biyu da likitoci ke yawan gyarawa. Na farko shi ne ɗaukar duk hauhawar feritin a matsayin wannan cuta, alhali mafi yawanta daga kumburi, giya ko kitsen hanta take. Na biyu shi ne zaton ƙaurace wa wasu abinci zai wadatar. Abin da aka tabbatar shi ne a guji ƙwayoyin ƙarin ƙarfe da na bitamin C, a guji ɗanyen kifin kwanso saboda wata ƙwayar cuta da ke bunƙasa a jini mai yawan ƙarfe, a kuma rage giya. Babu abincin da ke fitar da abin da jaka ɗaya ta jini ke fitarwa.

Inda ake tambaya a yau

Duk da yawan shafuka, likitan iyali bai rasa matsayinsa ba. Wani bincike da aka buga a 2014, wanda aka gudanar tare da ƙungiyoyin majinyata na ƙasashen Turai da dama, ya jaddada muhimmancinsa a matsayin majiyar bayani. Shi ne ke fara ganin sakamakon jini, shi ne kuma ke iya gwada 'yan'uwa.

Wuri na biyu shi ne ɗakin ɗibar jini. Majinyaci yakan kishingiɗa a kujera, nas ta duba ƙarfin jininsa, ta ɗaure dantse, ta soka allura a jijiyar gwiwar hannu, jaka ta cika cikin minti 10 zuwa 15, a miƙo masa ruwa ya sha. Da yawa suna riƙe da ɗan littafi da ake rubuta kwanan wata da lambar feritin, suna kallon yadda take sauka zuwa kusan 50, inda daga nan ake riƙe ta tsakanin 50 da 100. Wanda ke zuwa mako-mako yakan ga nas fiye da yadda yake ganin likita sau goma, kuma a nan ne ake yin tambayoyin da ake jin nauyin yi a ofis, irin na raunin mazakuta da makomar 'ya'ya. A Ingila, Ailan, Ostiraliya da Kanada, hukumomin jini suna karɓar waɗanda suka cika sharuɗɗa a matsayin masu ba da gudummawa, Amurka ma ta sassauta ƙa'idarta a 2001, don haka cibiyar ba da jini ita ma ta zama wurin samun bayani.

Wuri na uku shi ne dangi. Ƙa'idar sirri ba ta barin likita ya kira 'yan'uwan majinyaci kai tsaye, don haka asibitoci da ƙungiyoyi suka tsara wasiƙar dangi: shafi ɗaya da ke cewa an sami cutar a gidan, ga sunanta, ga gwajin da za a nema, a kai wa likita. 'Yan'uwa na ciki ɗaya su ne kan gaba, sai 'ya'ya da iyaye. Yara ƙanana akan jinkirta gwajinsu har su balaga, domin ƙarfen ba ya yin lahani da wuri, wani lokaci kuma akan gwada ɗayan mahaifin don a san ko akwai abin damuwa. Ba kowace wasiƙa ke isa ba, saboda nisa, gaba ko kunya. Faransa ta mayar da abin doka a 2011: wanda aka gano yana da babbar cutar gado mai magani wajibi ne ya sanar da danginsa, ko ya ba likita izini ya aika musu ba tare da bayyana sunansa ba.

Matsayin Afirka

Sauyin C282Y ba a cika samunsa a cikin mutanen Afirka ta Yamma ba, don haka gwajin HFE ba ya amsa tambayar mafi yawan masu yawan ƙarfe a wannan yanki. A kudancin Afirka akwai wata taruwar ƙarfe dabam da Strachan ya bayyana a Johannesburg a 1929, wadda aka danganta da giyar gargajiya da ake dafawa a gangunan ƙarfe, kuma binciken Victor Gordeuk na 1992 ya nuna akwai hannun gado a ciki wanda ba na kuromosom na 6 ba ne. A ƙasar Hausa, taruwar ƙarfen da likitoci suka fi gani ita ce ta masu sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini, domin kowace jaka tana shigo da ƙarfen da jiki ba zai iya fitarwa ba. Su ba a ɗibar jininsu, sai dai a ba su magungunan da ke kama ƙarfe su fitar da shi, irin su deferoksamin da deferasiroks. Mafi yawan bayanan da ke intanet kan taruwar ƙarfe an rubuta su ne don Turawa masu HFE, saboda haka mai sikila ko iyayensa da suka ga feritin ya hau suna buƙatar fassarar likitan jini da ya san irin cutarsu, kuma bai kamata a sha maganin ƙarin jini mai ƙarfe ba sai gwaji ya nuna akwai ƙarancinsa.